Ranar da Muka Ƙi Jin Maganar Baba

A gidanmu sukari ya daɗe da zama abin ɓoyo. Tun shekarar da likita ya shaida wa Baba cewa yana da ciwon sukari, Umma ta ɗauke gwangwanin daga madafi ta kai ɗakinta, ta cusa shi a bayan jeren kwanuka. Idan mu yara za mu sha koko, sai mu shiga ɗakin mu zuba, mu fito muna juyawa a hankali don kada ƙarar cokali ta sosa wa Baba rai. Shi kuwa haka yake shan nasa lami, ba ya ko ƙorafi. Duk yaron da ya tashi a gidan ya haddace darasi ɗaya: sukari dafi ne ga Baba. Sai da muka kai aji biyar a sakandare muka gano ashe rabin darasin muka haddace, kuma saura ƙiris rashin sanin ɗaya rabin ya mayar da mu marayu.

Baba malamin firamare ne, yana kuma noma kamar yawancin abokan aikinsa. Shekara bakwai ya yi yana shan ƙwayoyi, daga baya suka daina riƙe ciwon, likita ya mayar da shi kan allurar insulin. Sau biyu yake yi a rana, da safe kafin karin kumallo, da yamma kafin tuwon dare. Ruwan allurar fari ne kamar an tsinka madara, sai ya mirgina kwalbar a tafin hannunsa kafin ya zuƙa a sirinji. Mun saba ganin haka har abin ya daina ba mu tsoro. Iyakar saninmu shi ne allurar tana sauke sukari, saukar sukari kuma alheri ce.

Wata Asabar ce a watan Yuli, lokacin maimai. Baba ya yi allurarsa ta safe yana zaune yana jiran koko, sai aka yi sallama aka ce 'yan ƙwadago sun isa gona suna jira. Ya kurɓi kokon sau biyu a tsaye, ya bar ƙosai a kwano, ya hau babur. Da ya je can bai tsaya kallo ba, ya karɓi fartanya ya shiga cikinsu.

Wajen ƙarfe sha biyu muka ji ƙarar faɗuwar babur a ƙofar gida. Muka fita da gudu, muka tarar da shi tsaye yana kallon babur ɗin kamar ba nasa ba. Ranar akwai hadari, gari a lumshe, amma rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, jikinsa kuma sanyi ƙalau. Hannuwansa suna karkarwa. Muka yi masa sannu da zuwa bai amsa ba. Ya shiga tsakar gida, ya cire hula yana ta ƙoƙarin rataye ta a bango inda babu ƙusa. Umma ta ce, "Malam, lafiya kuwa?" Sai ya daka mata tsawa a gabanmu, abin da bai taɓa yi ba tun da muka yi wayo. Maganar ma ba ta fita daidai, harshensa ya yi nauyi.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Iska ce ya gamu da ita a gona, ai tsakar rana ba ta da kyau. A kawo garwashi a yi masa hayaƙi." Wani dattijo daga zaure ya ɗaga murya ya ce, "Sukarinsa ne ya hau, ku yi masa allurarsa." Maganar ta yi kama da hankali, domin kowa ya san mai ciwon sukari ne. Yaya, babban wanmu, har ya nufi inda ake ajiye kwalbar. Har gobe in muka tuna tafiyar nan ta Yaya sai gabanmu ya faɗi.

Autanmu ne ya tsayar da shi. A lokacin shekararsa goma sha uku, yana aji biyu. A hutun da ya gabata shi ne ya raka Baba asibiti yana riƙe masa jaka, ya zauna a benci ya saurari jawabin da wata nas take yi wa masu jiran likita. Ya ce, "Umma, kada a yi masa allura. Nas ta ce in yana gumi yana karkarwa, sauka sukarin ya yi. Sukari za a ba shi." Aka yi masa ca. Wannan ya ce ya rufe wa mutane baki, waccan ta ce yaran zamani ba su da kunya. Auta bai tsaya gardama ba, ya shiga ɗakin Baba ya ɗauko na'urar gwaji. Muka riƙe yatsan Baba aka tsira, ɗigon jini ya hau 'yar takardar gwajin. Na'urar ta nuna 46. A bayan littafin da asibiti suka ba shi an rubuta cewa duk abin da ya gaza 70 ya yi ƙasa.

Umma da kanta ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin nan. Ta zuba babban cokali ɗaya a rabin kofin ruwa, ta juya. Baba yana ganin gwangwanin ya doke kofin ya zube, ya ce, "Kashe ni za ku yi? Ku ɗauke wannan daga gabana!" A gidanmu in Baba ya ce a ɗauke, ɗaukewa ake yi. Muka tsaya muna kallon juna. An raine mu a kan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ga babba yana magana, ga kuma lamba a na'ura tana faɗin akasin abin da yake faɗa.

Umma ta sake haɗa wani kofin. Muka zaunar da shi a tabarma, Yaya ya tallafe bayansa, muka riƙe kofin a bakinsa muna lallashi, yana faɗa muna cewa, "Baba, ka yi haƙuri ka sha." Ya sha. Bayan minti goma sha biyar muka sake gwadawa, 63. Aka ƙara masa kofi na biyu. Da aka gwada na uku ya haura 90. Gumin ya tsaya, idonsa ya dawo daidai. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Me ya tara mutane a gidana?" Bai tuna faɗuwar babur ba, bai tuna tsawar ba, ko hanyar da ya biyo daga gona bai tuna ba. Aka kawo masa ɗumame ya ci.

Tun daga ranar muka shiga neman ɗaya rabin darasin. Duk lokacin da Baba zai je ganin likita, ɗayanmu yana binsa da takarda da biro. Ga abin da muka koya, kuma ku da kuke karanta ilimin halittu a aji za ku ga ba baƙon abu ba ne.

Tuwo, shinkafa, burodi, koko, doya, duk in an ci jiki yana narkar da su su zama wani irin sukari da ake kira gulukos, ya shiga jini. Shi ne man da jiki ke ƙonawa ya samu ƙarfi. Amma ba ya shiga tsoka da kitse sai da taimakon insulin, sinadarin da wata gaɓa mai suna fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi, take fitarwa. Akwai masu ciwon sukari da jikinsu ya daina yin insulin gaba ɗaya, galibi tun suna yara ko matasa. Wannan shi ne nau'i na 1. Akwai kuma irin na Baba, nau'i na 2, wanda jiki ba ya jin insulin yadda ya kamata, kuma da tafiyar shekaru abin da yake fitarwa yana raguwa har a kai ga allura. Allurar nan ba ƙaramar ni'ima ba ce. A shekarar 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, kuma a watan Janairun 1922 aka fara yi wa ɗan Adam, wani yaro mai suna Leonard Thompson, sa'an yawancinku. Kafin lokacin, mai nau'i na 1 ba ya daɗewa a duniya. Saboda ranar haihuwar Banting ne ma aka zaɓi 14 ga Nuwamba ta zama ranar ciwon sukari ta duniya.

Matsalar ita ce, fankiriyas mai lafiya tana lura da jini dare da rana. In sukari ya fara sauka sai ta rage insulin, ta kuma saki wani sinadarin, gulukagon, wanda ke umartar hanta ta fito da sukarin da ta adana. Allura kuwa ba ta da wannan wayon. Da zarar ta shiga ƙarƙashin fata za ta yi aikinta, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, kuma ba a iya janye ta. Irin ta Baba haɗi ce: wani ɓangare yana fara aiki cikin kusan rabin awa, ɗaya ɓangaren kuma yana ɗaukar awanni yana ja. A ranar Asabar ɗin nan an yi allurar da aka auna don cikakken karin kumallo, aka kurɓi koko sau biyu, sannan aka yi noman awa huɗu, tsokoki suna zuƙe ragowar sukarin jini. Lissafin a bayyane yake.

Gaɓar da ta fi shan wahala ita ce ƙwaƙwalwa. Nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke amfani da shi, ga shi ba ta da rumbun ajiya. Abin da jini ya kawo mata a wannan mintin, da shi take aiki. Shi ya sa alamomin suke zuwa hawa biyu. Da farko jiki yana buga ƙararrawa ta hanyar sakin adirenalin: gumi mai sanyi, karkarwa, bugun zuciya da sauri, yunwa mai tsanani, fargaba ba dalili. Wannan kan fara ne in sukari ya gangaro ƙasa da 70 a na'urar da ke ƙirga da mg/dL, ko 3.9 a wadda ke ƙirga da mmol/L. In ba a yi komai ba ya kai ƙasa da 54, wato 3.0, ƙwaƙwalwa ta fara gazawa: ruɗewa, gani dishi-dishi, nauyin harshe, tangaɗi, fushi ko kuka ba gaira ba dalili. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, ko suma. In aka bar mutum a haka ya daɗe, ƙwaƙwalwa tana iya lalacewa, rai ma yana iya salwanta.

A nan ne muka fahimci abin da ya fi ba mu tsoro. Gaɓar da ya kamata ta gaya wa Baba cewa yana cikin haɗari, ita ce ta fara kasawa. Mai ciwon kai ya san kansa na ciwo, ya nemi magani. Wanda sukarinsa ya yi ƙasa sosai yakan rantse lafiyarsa lau, ya ture hannun mai taimakonsa. Tsawar da Baba ya yi wa Umma ba halinsa ba ne, ƙwaƙwalwa ce mai jin yunwa. A irin wannan lokaci rayuwar mutum tana hannun wanda ke kusa da shi, kuma sau da yawa wanda ke kusa yaro ne.

Abin yi ba shi da wuya. Likitoci suna koyar da ƙa'idar 15 da 15. In mutum yana farke kuma yana iya haɗiya, a ba shi kusan giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko ƙwayar sukari uku zuwa huɗu, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi. Lemon da aka rubuta babu sukari a jikinsa ba ya aiki a nan. Abu mai maiƙo irin su cakulan, ƙosai ko gyaɗa yana jinkirin narkewa, ba shi ne na gaggawa ba. A jira minti 15 a sake gwadawa. In har yanzu bai kai 70 ba, a maimaita. In ya haura, a ba shi abinci mai riƙe ciki, tuwo ko burodi ko shinkafa, don kada ya sake gangarowa. In an maimaita sau biyu ko uku bai dawo daidai ba, sai asibiti, domin akwai wasu cututtukan, irin su shanyewar ɓarin jiki, da ke zuwa da nauyin harshe da ruɗewa.

Mun tambayi likita, to in babu na'ura a kusa fa? Ya ce duk mai allurar insulin da aka gani yana gumi, yana karkarwa, ko ya ruɗe farat ɗaya, a ɗauka sauka ce a ba shi zaƙi. In ma kuskure aka yi sukarin a sama yake, cokali ɗaya ba zai yi masa wata illa cikin gaggawa ba. Amma a yi wa wanda sukarinsa ke ƙasa allurar insulin, wannan yana iya zama ajalinsa. Da muka ji haka Yaya ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Mun zaci mun gama koyo, sai bayan shekara biyu abin ya dawo da wata fuskar. Lokacin kaka ne, Baba ya yini yana ɗawainiyar kwaso masara. Ya yi allurar yamma, ya ci tuwo kaɗan saboda gajiya, ya kwanta. Wajen ƙarfe uku na dare Umma ta farka ta ji yana wani irin gurnani, matashin kansa ya jiƙe. Ta kira shi, ta girgiza shi, bai amsa ba. Ta tashe mu. Na'ura ta nuna 38. Hannu ya so ya kai ga kofi kamar wancan karon, amma mun riga mun koyi cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, domin ruwan yana iya bi ta maƙogwaron iska ya shiga huhu ya shaƙe shi. Ba a kuma cusa masa cokali ko tsumma tsakanin haƙora. Muka juya shi ya kwanta a gefensa, muka buga wa maƙwabci mai mota ƙofa. A asibiti suka ɗura masa ruwan gulukos ta jijiya. Cikin 'yan mintuna ya buɗe ido yana tambayar inda yake. Akwai allurar gulukagon da ake iya yi a gida a irin wannan hali, amma mu ba mu da ita.

Washegari muka tambayi likita me ya sa wannan karon Baba bai farka ba. Ya yi mana bayani biyu. Na farko, aikin ƙarfi na rana yana ci gaba da jan sukari awanni bayan an gama shi, har cikin dare. Na biyu, in mutum ya daɗe da ciwon, musamman in sukarinsa yana yawan sauka, ƙararrawar nan ta gumi da karkarwa tana dusashewa. Jiki ya saba, sai ya daina gargaɗi, mutum ya tsallake hawa na farko ya faɗa na biyu. Ya ce in aka yi makonni ana kauce wa sauka, gargaɗin yakan dawo. Ya rage wa Baba allurar yamma, ya sa a duba ƙodarsa, domin ƙoda mai rauni tana sa insulin ya daɗe a jiki, ya kuma ce duk ranar da aka yi aikin ƙarfi a gwada kafin kwanciya, a ci wani abu.

Duk waɗannan ana iya rubuta su a allo. Abin da ba ya rubutuwa shi ne yadda abin yake taɓa babban mutum. Bayan kowace sauka Baba yakan yini da ciwon kai da kasala. Wannan mai sauƙi ne a kan kunya. Mutumin da ya yi shekaru yana tsayawa gaban aji, a ce masa ya yi tangaɗi a ƙofar gidansa yara suna kallo. Ya taɓa gaya wa Umma cewa babban tsoronsa shi ne abin ya same shi a kasuwa inda ba a san shi ba, a ce malamin makaranta ya sha ya bugu. Ya ajiye babur na tsawon watanni. Ya daina kwana a ƙauye in ana biki. Umma kuwa barcinta ya zama rabi da rabi, motsi kaɗan ta kai hannu goshinsa.

Tsoron ya kai shi ga wani abin da ba mu zata ba. Auta ne ya lura lambobin littafin gwaji sun koma 250, 280, kwana da kwanaki. Ashe Baba yana rage allurarsa a ɓoye, wai gara ya kwana a sama da ya sake suma. Likita bai yi masa faɗa ba. Ya ce da yawa suna yin haka, amma sukarin da ya daɗe a sama yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali, ba tare da an ji ba. Ya roƙe shi duk lokacin da ya ji tsoro ya zo su gyara adadin tare, kada ya yanke hukunci shi kaɗai.

Azumi ne ya fi yi masa ciwo. Tun yana saurayi bai taɓa shan azumi ba. Bayan suman nan na dare likita ya ce masa yana cikin waɗanda azumi ke da haɗari sosai a gare su. Ya ce ko waɗanda aka yarje wa su yi, sharaɗin shi ne su riƙa gwaji da rana, in ya gaza 70 su karya nan take, ko da saura minti kaɗan a kira magariba. Baba ya kai maganar wurin limamin unguwarmu, liman ya tabbatar masa addini ya yi wa marar lafiya sauƙi, ya nuna masa yadda zai ciyar. Duk da haka a shekarar farko ɗaki yake rufewa ya ci abincin rana, kada mu gani. Mu ma sai mu yi kamar ba mu sani ba.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar ya tara mu a tsakar gida, har da Umma. Ya ce, "Ina so in ba ku wani izini tun ina cikin hankalina. Duk ranar da kuka ga na canza, ina gumi ko ina faɗa ba dalili, kada ku saurari bakina. Ku gwada ni, ku ba ni sukari. Ko na zage ku, ba ni ba ne. Wanda ya ƙi jin maganata a wannan lokacin, shi ne ya yi mini biyayya." Ya juya wurin Auta ya ce, "Kai kuma Allah ya yi maka albarka." Auta ya rasa inda zai sa kansa.

Daga ranar abubuwa suka sauya. Kowace rigar Baba akwai ƙwayar sukari huɗu a ƙulle cikin leda a aljihunta. Umma ce ke dubawa bayan guga. Akwai wasu a jikin babur. Ba ya hawa sai ya gwada. A cikin walat ɗinsa akwai kati da muka rubuta da Hausa da Turanci cewa yana allurar insulin, in an gan shi a ruɗe a ba shi abu mai zaƙi, in ya suma a kai shi asibiti. Dokar gida kuma ita ce ba a yin allura sai abinci yana gabansa, ko sarki ne ya yi sallama. Abin da ya fi yi masa wuya shi ne faɗa wa mutane, amma ya daure ya gaya wa shugaban makarantarsu da abokan aiki biyu da abokin zamansa a masallaci. Ɗaya daga cikinsu ya ce masa ashe matarsa ma allurar take yi, kuma bai taɓa jin wannan bayanin ba.

Yanzu muna aji biyu a jami'a, nesa da gida. In waya ta yi ƙara da tsakar dare, kafin mu duba sunan mai kira zuciya ta riga ta tafi ɗakin Baba. Amma hankalinmu yana kwanciya in muka tuna Auta yana nan, kuma ya koya wa 'ya'yan Yaya, har da mai shekara takwas, inda na'ura take da lambar da ake tsoro.

Ƙannenmu, wataƙila a gidanku akwai mai irin wannan allura: kaka, kawu, gwaggo, ko malaminku na aji. Wasu ƙwayoyin ciwon sukari ma, irin su glibenclamide, suna iya jawo wannan saukar. Ku same shi ranar da yake cikin walwala, ku tambaye shi cikin ladabi: Yaya kake ji in sukarinka ya sauka? Ina kake ajiye na'urarka? Me kake so mu yi in mun ga ka canza? Ku roƙi a tafi da ku asibiti ko sau ɗaya, ku zauna a benci ku buɗe kunne. Ku riƙe lambar 70, ku riƙe 15 da 15, ku riƙe cewa ba a ɗura wa sumamme komai, ba a kuma yi wa ruɗaɗɗe allurar insulin. Ranar da abin zai faru manya suna iya ruɗewa, kamar yadda namu suka ruɗe, su ce ku rufe baki. Ku faɗi abin da kuka sani da ladabi, ku ɗauko na'ura ta yi muku shaida.

Gwangwanin sukarin nan ya bar ɗakin Umma tuntuni. Yana kan kanta a falo, kusa da na'urar gwaji, da cokali a cikinsa, a inda hannun ƙaramin yaro zai iya kaiwa. Baba har yanzu lami yake shan kokonsa.